Ina kalsiyam yake zama? Fashin baƙi kan gano aikin furotin daga siffarsa

Jinin da ya ɗiga a ƙasa ba ya daɗewa yake yin guda-guda. Amma wanda ma'aikacin asibiti ya ɗiba ya zuba a 'yar kwalbar nan mai murfi ruwan shunayya, sai ya wuni bai daskare ba. Ba a cire masa komai daga cikin furotin ɗin da ke daskarar da jini ba, duk suna nan. Abin da ke cikin kwalbar wani sinadari ne da ake kira EDTA, aikinsa ya damƙe kalsiyam ɗin da ke cikin jinin ya hana shi sakat. Jakar ƙarin jini ma haka take, sai dai ita da sinadarin sitiret ake amfani. Furotin irin su furotirombin suna da wani sashe a bakinsu wanda ba ya tsayawa da siffarsa sai kalsiyam ya zauna a ciki, kuma da wannan sashen suke mannewa a inda rauni yake. Da an ɗauke kalsiyam, sai su zama 'yan kallo.

Wannan an san shi ne don an yi shekaru ana gwaji a kansa. Matsalar ita ce furotin ɗin da aka yi wa irin wannan hidima kaɗan ne ƙwarai. Rumbunan bayanai na duniya suna ɗauke da jerin furotin sama da miliyan 200 daga mutane, dabbobi, tsirrai da ƙwayoyin cuta, kuma waɗanda wani ya taɓa ɗauka ya gwada a ɗakin bincike ba su kai kashi 1 cikin 100 ba. Shi ya sa masana suka daɗe da wata tambaya: idan an ba ka siffar furotin, tsayinsa da faɗinsa da kowane lungu nasa, za ka iya faɗin abin da yake yi? Kama kalsiyam na daga cikin wuraren da aka fi gwada wannan tambaya, domin abu ne ƙarami, mai ƙa'ida, wanda ake iya aunawa. Idan hasashe ya gagara a nan, to a wasu wuraren sai dai haƙuri.

Furotin kamar carbi yake, amma mai duwatsu iri 20 da ake kira amino asid. Wani carbin dutse 100 ne, wani 1,000, kuma ƙwayoyin gado ne suke tsara wane dutse ke bin wane. Carbin ba ya zama a miƙe. Yana naɗewa ya dunƙule ta hanya ɗaya tak da ta dace da jerinsa, har dutse na 10 ya zo ya jingina da na 200. Christian Anfinsen na Amurka ya nuna cewa jerin shi kaɗai ya isa ya tsara naɗin: ya warware wani furotin da sinadarai, ya janye sinadaran, furotin ya koma yadda yake ya ci gaba da aiki. Ya samu kyautar Nobel a 1972. Kafin nan, a 1958, John Kendrew na Kambirij ya fitar da siffar furotin ta farko, ta mayogulobin, ta hanyar haska daskararren furotin da hasken eksire. A 1971 aka buɗe rumbun ajiye siffofin furotin mai suna PDB da siffofi 7 kacal. Yau sun haura 200,000.

Hanya mafi sauƙi ta hasashen aiki ba ta buƙatar siffa. Ka ɗauki jerin sabon furotin ka kwatanta da na waɗanda aka sani. Idan ya yi kama sosai da wani, ka ce ɗan'uwansa ne, aikinsu ɗaya. Yawancin bayanan da ke rumbuna ta haka aka samo su. Sai dai jeri yana saurin sauyawa cikin miliyoyin shekaru, siffa kuwa tana da taurin kai. Wanda ya taɓa tuge wake ko gyaɗa ya fasa 'yan ƙulle-ƙullen da ke jikin saiwar zai ga cikinsu ja-ja. Wani furotin ne mai kama iskar oksijin ya ba su launin, kuma naɗinsa irin na mayogulobin ɗin tsokar mutum ne, duk da cewa a jeri ko kashi ɗaya cikin biyar ba su haɗu ba. A irin wannan wuri, siffa na tona zumuncin da jeri ya manta.

To amma kama da wane ba ta wane. A cikin farin ƙwan kaza akwai laisozayim, wanda ke fasa bangon bakteriya. A cikin nono kuma akwai alfa-laktalbumin. Idan aka ɗora siffar ɗaya a kan ɗaya sai ka rantse tagwaye ne, kuma lalle kakansu guda. Amma na nono ba ya fasa komai. Shi yana taimakawa ne wajen haɗa sukarin madara, kuma yana riƙe kalsiyam gam, abin da na ƙwan kaza ba ya yi. Akwai kuma akasin haka. Tirifsin na hanjinmu da subtilisin na bakteriya ba su yi kama ta ko'ina ba a naɗi, amma duk biyun suna yanka furotin, kuma idan aka leƙa inda ake yankan za a tarar da amino asid guda uku iri ɗaya a tsaye a tsari ɗaya. Darasin da masana suka ɗauka shi ne a rage kallon gangar jikin furotin gaba ɗaya, a koma kallon ɗan ƙaramin wurin da aikin yake faruwa.

Muhimmancin kalsiyam a sauran sassan jiki, ban da ƙashi da haƙori, an gano shi ne bisa kuskure. A Landan, Sydney Ringer yana ajiye zuciyar kwaɗo cikin ruwan gishiri tana bugawa sa'o'i, sai daga baya ya gane mataimakinsa da ruwan famfo yake haɗa ruwan, ba tataccen ruwa ba. Da aka koma tatacce, zuciyar ta tsaya. Ɗan kalsiyam ɗin da ke ruwan famfo ne yake riƙe da ita, kuma ya wallafa hakan a 1883. Yanzu an san dalili. Ƙwayar halitta tana korar kalsiyam waje ba dare ba rana, har yawansa a waje ya ninka na ciki sau 10,000 ko fiye. Saboda cikin babu shi sosai, da an ɗan buɗe ƙofa ya shigo, ko'ina ya sani. Da wannan saƙon tsoka ke motsawa, jijiya ke miƙa magana ga 'yar'uwarta, ƙwai ke farkawa idan maniyyi ya shige shi. Kuma saƙon ba ya isa sai akwai furotin da zai karɓe shi.

Ga yadda mazaunin yake. Kalsiyam a cikin jiki yana ɗauke da caji fozitif guda biyu, don haka yana neman ƙwayoyin zarra na oksijin, masu ɗan caji negatif, su kewaye shi. Yawanci 6 zuwa 8 ne, an fi samun 7, kowacce a nisan kusan angistirom 2.4 daga gare shi. Angistirom ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan goma na milimita. Oksijin ɗin nan galibi daga wurare uku suke fitowa: daga rassan amino asid biyu masu tsami, asfatet da gulutamet (wannan na biyun shi ne dai na cikin farin magi), daga ƙashin bayan carbin kansa, sai kuma daga ruwa. Sulfa da naitirojin, waɗanda zinki ke so, kalsiyam bai cika kula su ba.

Abin da ya fi burge ni a nan shi ne maganar magniziyam. Shi ma caji biyu gare shi, shi ma oksijin yake so, kuma a cikin ƙwayar halitta da ke hutawa ya ninka kalsiyam sau dubbai. Da a ce yawa ne ke ba da wuri, da kalsiyam bai samu ko ɗaya ba. Abin da ya raba su girma ne da hali. Magniziyam ƙarami ne, yana son oksijin 6 cif, a nisan kusan angistirom 2.1, a tsari madaidaici, kuma yana riƙe ruwan da ke kewaye da shi da ƙarfi, ba ya son sakinsa. Kalsiyam ya fi girma, ba ya damuwa idan mazaunin ya ɗan karkace, kuma yana sakin ruwansa cikin sauri. Furotin da ya tanadi rami mai ɗan faɗi da oksijin 7 a karkace ya riga ya zaɓi baƙonsa. Ke nan bambancin da ake so kwamfuta ta gane bai wuce kashi uku cikin goma na angistirom ba, alhali siffofi da yawa da ke rumbu kuskuren awonsu ya kusa kai haka.

Shahararren mazauni shi ne wanda Robert Kretsinger ya bayyana a 1973, daga wani furotin na tsokar kifi mai suna farbalbumin. Furotin ɗin yana da murɗaɗɗun sassa shida da ya sa wa haruffa A zuwa F. Tsakanin E da F akwai madauki na amino asid 12, kuma a nan kalsiyam yake zaune. Kretsinger ya kwatanta shi da hannun dama: manuniya ita ce E, babban yatsa F, na tsakiya da aka lanƙwasa shi ne madaukin. Sunan hannun EF ya bi shi har yau. A madaukin, na 1 da na 3 da na 5 da na 7 da na 9 da na 12 su ne ke ba da oksijin. Na 12 kusan kullum gulutamet ne, yana miƙa oksijin biyu a lokaci guda. Na 6 kuma yawanci gilaisin ne, mafi ƙanƙanta a cikin amino asid, don madaukin ya samu damar yin kwana. Da wannan tsari a hannu, Kretsinger ya duba jerin turofonin C na tsoka ya ce yana da irin waɗannan hannaye guda huɗu, tun shekaru kafin a ga siffarsa, kuma maganarsa ta tabbata. Haka kalmodulin, mai amino asid 148 da hannaye huɗu, wanda Wai Yiu Cheung a Amurka da Shiro Kakiuchi a Japan suka gano kowa daban a 1970. Kalmodulin na mutum da na kaza da na kwaɗo jeri ɗaya ne, kuma an samu jarirai da sauyin amino asid ɗaya tak a madaukinsa ya jawo musu mummunar rikicewar bugun zuciya.

Hannun EF yana da sauƙin kamawa, tunda duk masu ba da oksijin suna jere kusa da juna. Kwamfutar da ta san tsarin za ta tsinto shi daga jeri ba tare da ta ga siffa ba. Wahalar tana wajen sauran mazaunan. A sinaftotagmin, furotin da ke sa jijiya ta saki saƙonta, asfatet ɗin da ke riƙe kalsiyam suna kan madaukai biyu da ke nesa da juna a jeri. A kadherin, wanda ke manne ƙwayoyin halitta da juna, kalsiyam uku ne ke zama a gaɓar da ke tsakanin sashe da sashe, kowane ɓangare ya kawo nasa oksijin. Wasu mazaunan ma rabin oksijin ɗinsu daga ƙashin bayan carbi yake, wanda kowane amino asid yana da shi, don haka jeri ba ya nuna alamar komai. A nan ne siffa take da abin faɗa da babu mai faɗarsa sai ita.

Dabarun farko na lissafi ne zalla. A 1990 rukunin David Eisenberg a Los Anjeles suka lura cewa ƙarfe (kalsiyam ma a jinsin ƙarfe yake) yakan zauna a inda ƙwayoyin zarra masu son ruwa suka yi zobe, sannan masu gudun ruwa suka kewaye zoben daga baya. A 1994 Murad Nayal da Enrico Di Cera suka bi ta wata hanyar: a kowane gurbi cikin furotin a lissafa ko oksijin ɗin da ke kusa, a nisan da suke, sun isa su biya cajin kalsiyam biyu daidai. Sai rukunin Russ Altman na Jami'ar Stanford suka zo da manhajar FEATURE a tsakiyar shekarun 1990. Ita ba a gaya mata ƙa'ida. Ana tsayawa a gurbi guda, a zana ƙwallaye shida ɗaya cikin ɗaya har zuwa nisan angistirom 7.5, a ƙirga abin da ke kowane zagaye: oksijin nawa, caji nawa, wane amino asid, ruwa na iya shiga ko a'a. A yi haka ga wuraren da aka tabbatar kalsiyam na zama, a yi ga wuraren da ba ya zama, manhajar ta koyi bambancin da kanta. Daga nan a ba ta sabon furotin ta bi shi gurbi-gurbi tana ba da maki. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira na yau sun fi ta ƙarfi nesa ba kusa ba, amma tunanin bai sauya ba.

Cikas na farko lissafi ne mai sauƙi. Fatar furotin cike take da asfatet da gulutamet, saboda su ne ke sa shi narkewa a ruwa. A ce manhaja ta duba gurbi 10,000 a furotin guda, tana kuskure sau ɗaya cikin ɗari: ta ba ka wuraren ƙarya 100, na gaskiyar kuwa ɗaya ne ko biyu, ko ma babu. Don haka idan na ga an ce wata manhaja tana daidai kashi 99 cikin 100, abin da nake fara nema shi ne, cikin wuraren da ta nuna, nawa ne suka tabbata.

Na biyu ya fi zurfi. Manhajar ta yi karatu ne a kan siffofin da kalsiyam ke zaune a ciki, inda oksijin duk suka juyo suka fuskance shi. Amma kafin ya zo, rassan nan masu caji negatif korar juna suke yi, kowanne ya kalli gabansa, madaukin yana lilo. Wato sau da yawa mazaunin ba ya wanzuwa sai mai zama ya iso. Kuma furotin ɗin da muke son yi wa hasashe, ai wanda ba a gan shi da kalsiyam ba ne. Rukunin Altman sun gwada magance wannan a 2009 ta hanyar sa kwamfuta ta kwaikwayi motsin furotin, ta ɗauki hotuna masu yawa, a bi kowanne da FEATURE. Wuraren da hoto guda ya ɓoye sai suka riƙa bayyana na ɗan lokaci suna ɓacewa. Dabara ce mai kyau, sai dai tana cin lokacin kwamfuta, kuma kowane ƙarin hoto ƙarin dama ce ta ƙarya.

Na uku ba a cika son faɗarsa ba. Hasken eksire ba ya rubuta suna a kan abin da ya gani. Dunƙulen haske kawai yake nunawa, mai binciken ne zai ce wannan ruwa ne, ko sodiyam, ko magniziyam, ko kalsiyam. Ana kuskure, har rukunin Wladek Minor na Jami'ar Bajiniya suka buɗe shafin CheckMyMetal don tantance irin waɗannan. Ƙari a kan haka, wajen daskarar da furotin akan zuba gishirin kalsiyam mai yawan da ya ninka na jini sau ɗari, ya manne a wuraren da ba zai taɓa zama ba a cikin jiki. Duk wannan yana cikin abin da ake koyar da manhaja da shi.

Zuwan AlphaFold ya sauya girman fagen. A gasar hasashen siffar furotin mai suna CASP ta 2020, wannan manhaja ta kamfanin DeepMind ta hasashe siffofi daga jeri da daidaiton da ya kusa na gwaji, a 2022 aka saki siffofi sama da miliyan 200 kyauta, a 2024 kuma Demis Hassabis da John Jumper suka raba kyautar Nobel da David Baker. Ɗalibi a Zariya ko Maraɗi mai intanet yana iya sauke siffar kusan kowane furotin da aka san jerinsa. Siffofin nan ba su da ƙarfe ko ɗaya a ciki, amma akwai abin mamaki: sau da yawa za ka ga rassan sun yi zobe sun kewaye rami wayam, daidai girman abin da ya kamata ya zauna, saboda a haka manhajar ta saba ganinsu a rumbun PDB. Masu bincike a Holan suka yi AlphaFill, mai ɗauko ƙarfe daga siffofin 'yan'uwa ya dasa a ramin. AlphaFold 3 na 2024 kuma yana sa kalsiyam ɗin da kansa. Sai dai kai ne za ka ce masa ga kalsiyam guda kaza, shi kuma ya nema musu inda ya fi dacewa. Tambayar ko furotin ɗin yana kama kalsiyam tun asali, da ƙarfin kamun, tana nan inda take.

Ko an dace da mazaunin, ba a gama ba, kuma a ganina nan ne ake yawan yin azarɓaɓi. "Yana kama kalsiyam" ba aiki ba ne, somin-taɓi ne. Kalmodulin yana kamawa ya buɗe wani lungu mai maiƙo ya damƙi wasu furotin ya kunna su. Farbalbumin, mai irin hannun nan dai, yana kamawa ne kawai ya rage kalsiyam don tsoka ta saki da wuri. A tirifsin, kalsiyam ƙarfafa gini yake yi, ya hana shi cin kansa. A fosfolifes A2, wani enzayim (furotin mai hanzarta sarrafa sinadarai) da ke cikin dafin macizai da yawa, kalsiyam yana cikin aikin yankan kansa. Ramukan duk oksijin ne a nisan angistirom 2.4. Har ila yau a wasu macizan Kudancin Amurka, asfatet na 49 na wannan enzayim ya koma laisin, kalsiyam ya rasa wuri, yankan ya tsaya, amma dafin bai fasa lalata tsoka ba, ta wata hanyar daban. Turofonin C na zuciya yana da hannaye huɗu a ido, amma na farkon matacce ne, ba ya kama komai. Sai lanmodulin, da rukunin Joseph Cotruvo na Jami'ar Jihar Pensilbaniya suka bayyana a 2018 daga wata bakteriya: duk manhajar da ta ga jerinsa za ta ce ɗan gidan kalmodulin ne, alhali ya fi son ƙarafan nan masu wuyar samu irin su lantanom da niyodimiyom fiye da kalsiyam sau kusan miliyan 100. Yanzu ana nazarin amfani da shi wajen tace waɗannan ƙarafa. Abin da ya tona asirinsa gwaji ne: a tace furotin, a ɗiga masa ƙarfe kaɗan-kaɗan, a auna.

Inda wannan magana ta fi shafar mu kai tsaye shi ne zazzaɓin cizon sauro, wanda Najeriya ke ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da shi a duniya. Da aka kammala karanta ƙwayoyin gadon Plasmodium falciparum, ƙwayar da ke jawo zazzaɓin, a 2002, an samu kusan 5,300, kuma kusan kashi 60 cikin 100 ba su yi kama da wani abin da aka san aikinsa ba. Cikin waɗanda aka iya ganewa akwai wasu enzayim 7 da ake kira CDPK, masu hannayen EF a jikinsu, irin waɗanda tsirrai ke da su amma mutum ba shi da su. Jeri ya ce suna jin kalsiyam, ya tsaya nan. Sai da Oliver Billker da abokan aikinsa a Landan suka cire CDPK4 daga ƙwayar maleriyar ɓeraye a 2004 aka ga namijin ƙwayar ba ya iya fitar da 'ya'yan maniyyinsa a cikin sauro, cutar ba ta wucewa gaba. A 2010 masu bincike a Harvard suka nuna cewa idan babu CDPK5, ƙwayar tana girma ta cika jar ƙwayar jini amma ta kasa fasowa. A shekarar ce kuma aka fitar da siffar irin wannan enzayim daga dangin maleriya, Toxoplasma da Cryptosporidium, da kalsiyam da kuma babu shi. Idan babu, sashen hannayen yana kwance ya toshe bakin enzayim ɗin; da kalsiyam ya shiga, sashen yana sake naɗewa ya zagaya can bayan enzayim ya bar bakin a buɗe. Siffofin sun kuma nuna wani ɗan aljihu kusa da inda enzayim ɗin ke karɓar makamashinsa, wanda a yawancin irinsa na jikin mutum wani babban amino asid ya toshe shi. Masu bincike a Jami'ar Washington da ke Siyatil sun ƙera sinadarai masu ɗan ƙusumbi da ke shiga wannan aljihu, kuma a 2012 sun nuna cewa ɗaya daga cikinsu yana hana ƙwayar maleriya wucewa daga ɓera zuwa sauro.